Malami Ba Ya Riƙe Makarantar Kwana Shi Kaɗai

A muhawarar da ake yi kan taɓarɓarewar sakandare a Arewacin Nijeriya, malami ake yabo, shi kuma ake zargi. Dokoki ma haka suka tafi. Dokar da ta kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993 malamai ta tsara wa ƙa'ida, haka kuma dokar 2022 da ta kai shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, malamai ta ambata. Babu laifi a cikin wannan. Sai dai makarantar kwana tana aiki awa 24, alhali darasi a aji bai wuce awa shida ko bakwai ba. Ragowar lokacin yana hannun kuku, maigadi, metiron, ma'aikacin ɗakin shan magani, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, akawu da lebura. Hujjar wannan maƙala ita ce, ingancin koyarwa ya rataya a kan waɗannan mutane, kuma gyaran da ya tsallake su ba zai kai ga allo ba.

A ɗauki jarrabawar aikace-aikace ta WAEC da NECO a darussan kimiyya. Kafin ranar jarrabawa kowace hukuma takan aiko wa makaranta jerin kayan da za a tanada: sinadaran da za a haɗa a ma'auni daidai, tsirrai da ƙwarin da ɗalibi zai duba, kayan awon lantarki. A tsari, akwai ma'aikacin da ke wanke kwalabe, ya adana sinadarai, ya shirya tebura tun daga aji huɗu har zuwa aji shida. Inda wannan gurbi ya zama wayam, malamin da ke da ajujuwa da yawa ba ya iya haɗa koyarwa da wannan hidima, sai ya koma zana gwajin a allo. Ɗalibi ya haddace sunan kayan da bai taɓa riƙewa ba, sannan a ce ya auna asid a zauren jarrabawa. Idan sakamako ya fito da rauni, sunan malamin ake kira, ba a tambayar yaushe aka yi wa ɗakin gwajin ma'aikaci na ƙarshe. Haka abin yake a madafa. Idan kuku biyu ne ke tuƙa gabzar ɗaruruwan yara da itace, karin kumallo zai makara, darasin farko ya tafi, kuma yaron da ya shiga aji da yunwa ba ya jin bayani komai gwanintar mai bayanin.

Aikin da babu mai yinsa ba ya ɓacewa, kan wani yake faɗawa. Wani kaso yana komawa kan malami, wanda zai zama malamin aji, mai kula da ɗakin kwana, mai rakiyar mara lafiya asibiti da tsakar dare, mai rubuta rajista, duk da albashi ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma wannan lissafi ya ɗauka cewa koyarwa kaɗai yake yi. Ɗaya kason kuma yana komawa kan ɗalibai, kuma a nan ne ɓarnar ta fi muni. Ɗakin kwanan da babu babban mutum a kusa da shi da dare, manyan ɗalibai ne ke mulkinsa, kuma daga nan cin zalin ƙanana ke samun gindin zama.

Za a iya cewa shara da ɗiban ruwa da wanke kwano tarbiyya ce, kuma makarantun da suka yaye manyan Arewa, tun daga Kwalejin Katsina da ta zama Barewa, sun horar da yara da aikin hannu. Gaskiya ne, kuma bai kamata a raina wannan ba. Amma akwai tazara tsakanin aikin da aka tsara don horo, a ƙarƙashin idon babba, da aikin da aka jibga wa yaro saboda an ƙi ɗaukar ma'aikaci. Yarinyar da ta kwashe lokacin nazarin yamma a layin rijiya ba horo ta samu ba, karatu ta rasa. Za a kuma ce kuɗi ba su da yawa, don haka a fara da malamai. Amsar ita ce, sanya mai digiri ya yi aikin akawu da na maigadi shi ne asarar kuɗi mafi girma, domin an biya shi don koyarwa, an kuma cinye lokacinsa a wani abu.

Ƙorafi mafi nauyi ya shafi tsaro. Bayan hare-haren da aka kai wa makarantun Buni Yadi da Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, wani zai ce me maigadi mai sanda da tocila zai yi wa masu bindiga? Ba zai tare su ba, wannan aikin jami'an tsaro ne. Amma maigadin da aka horar, aka ba shi waya da lambar da za a amsa, yana iya ganin baƙuwar fuska, ya sanar da wuri, ya san ƙofar da za a fitar da yara. A Kagara an sace ma'aikata da iyalansu tare da ɗalibai, abin da ke nuna cewa haɗarin ɗaya ne a kan duk mai kwana cikin harabar. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo tun 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, amma katanga da ƙofar ƙarfe ba sa gadin kansu.

Ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohi su ƙayyade adadin kuku, masu gadi, metiron da ma'aikatan lafiya da kowace makarantar kwana ke buƙata gwargwadon yawan ɗalibanta, su mayar da na wucin gadi ma'aikatan dindindin a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da dokar 2024 ta tanada, su daina barin wannan nauyi a kan karo-karon ƙungiyar iyaye da malamai. Makarantar da ba ta cika wannan sharaɗi ba, bai dace a bar ta ta kwanar da 'ya'yan mutane ba.