Tarihin Igwar Jirgin Königsberg da ke Ƙofar Ganuwar Fort Jesus a Mombasa

A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Mombasa, a ƙasar Kenya, akwai wata ganuwa da ake kira Fort Jesus. Turawan Fotugal ne suka gina ta da dutsen murjani tsakanin shekarar 1593 da 1596, domin su tsare mashigar tashar da hanyarsu ta zuwa Indiya. Larabawan Oman sun ƙwace ta a 1698 bayan sun yi mata zobe na kusan shekara uku. Daga 1895 zuwa 1958 Turawan Ingila suka mayar da ita gidan kurkuku, daga bisani ta zama gidan tarihi, kuma a 2011 Hukumar UNESCO ta shigar da ita cikin wuraren tarihi na duniya.

Duk wanda ya ziyarci ganuwar zai ga tsofaffin igwoyi a kan garunta, amma akwai wata a waje, kusa da ƙofa, wadda ba ta yi kama da su ba: doguwar igwa ce ta ƙarfen zamani, a kan ƙafafun taya. Maziyarci kan ɗauka da ita aka tsare ganuwar. Ba haka ba ne. Ba a taɓa harba ta daga wannan wuri ba, kuma Jamusawa ne suka ƙera ta.

Asalin igwar

Igwar ɗaya ce daga cikin guda goma da ke kan jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg, wanda aka saka a ruwa a garin Kiel a 1905. Kamfanin Krupp ne ya ƙera su. Faɗin bakin kowace santimita 10.5 ne, tana jefa harsashi mai nauyin fiye da kilo 15 zuwa nisan kimanin kilomita 12. A watan Yuni na 1914 jirgin ya iso Darussalam, hedikwatar mulkin mallakar Jamus a Gabashin Afirka, ƙarƙashin Kyaftin Max Looff. Ba a yi wata biyu ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Ranar 20 ga Satumba 1914, da asuba, Königsberg ya auka wa jirgin yaƙin Ingila mai suna Pegasus a tashar Zanzibar, yana tsaye ana gyaran tukwanen injinsa. Igwoyin Pegasus ba su kai na Jamus nisa ba, saboda haka ya sha wuta ba tare da ya iya ramawa ba, mutanensa fiye da talatin suka mutu, ya nutse a ranar.

Bayan haka sai injin Königsberg shi ma ya nemi gyara. Looff ya shige da shi cikin rassan Kogin Rufiji, inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, wuri ne na laka da kurmi da sauro. Ingilawa suka gano shi a ƙarshen Oktoba, suka nutsar da wani jirgin kwal a mashiga don su toshe shi, amma manyan jiragensu ba za su iya shiga ruwa marar zurfi ba. Aka yi wata takwas ana wannan zaman. A ƙarshe aka jawo wasu jirage biyu marasa nitso, Severn da Mersey, tun daga tsibirin Malta. Da taimakon jiragen sama masu nuna musu inda harsashi ya faɗi, suka ragargaza Königsberg ranar 11 ga Yuli 1915, Looff ya ba da umurni a nutsar da abin da ya saura.

Daga ruwa zuwa tudu

A nan ne Ingilawa suka yi sakaci babba, domin sun tafi sun bar gawar jirgin a cikin laka, suna ganin magana ta ƙare. Jamusawa suka kwance igwoyin goma duka, aka ja su ta ƙasa zuwa Darussalam. An yi wa wasu ƙafafu a ma'aikatar jirgin ƙasa ta garin, wasu kuma aka ɗora su kan ƙafafun Krupp da wani jirgi ya shigo da su a ɓoye a 1916. Aka rarraba su Darussalam da Tanga da Mwanza da Kigoma, har aka ɗora ɗaya kan jirgin Graf von Götzen a Tafkin Tanganyika, jirgin da daga baya aka sa wa suna Liemba. Ta haka kwamandan Jamus, Paul von Lettow-Vorbeck, ya sami igwoyin da suka fi duk waɗanda yake da su girma.

Abin da littattafan Turawa ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda igwoyin suke tafiya. Ƙudan tsando yana kashe doki da sa a wannan ƙasa, hanyar mota kuwa babu. Mutane ne, 'yan dako baƙaƙen fata, ɗaruruwansu ga igwa guda, suke jan ta da igiya cikin yashi da taɓo, wasu kuma suna ɗauke da harsasai a ka. Da yawansu tilasta musu aka yi, kuma yunwa da cuta sun kashe 'yan dako a wannan yaƙi fiye da yadda harsashi ya kashe soja.

Alaƙarta da sojojinmu

Wannan yaƙi ya shafe mu kai tsaye. A 1916 Ingila ta kwaso sojoji daga Afirka ta Yamma. Rundunar ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ta iso a tsakiyar shekarar, sannan bataliya huɗu ta Nijeriya ta sauka Darussalam a watan Disamba ƙarƙashin Birgediya Cunliffe. Akwai Hausawa da yawa a rundunonin biyu, kuma da Hausa ake ba da umurni a rundunar Nijeriya. Daminar 1917 ta sami sojojin Nijeriya a gaɓar Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, suka sha yunwa mai tsanani. A tsakiyar Oktoba na shekarar suka shiga gumurzun Mahiwa, wanda yana cikin mafiya muni a yaƙin Gabashin Afirka duka, suka yi asarar mutane masu yawa. Sun koma gida a farkon 1918.

Igwoyin kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fita daga hannun Jamusawa. Duk inda harsashi ya ƙare ko hanya ta gagara, sai su fasa igwar su bar ta, wasu kuma aka kama. Lokacin da Lettow-Vorbeck ya haye Kogin Ruvuma zuwa Mozambik a Nuwamba 1917, babu ko ɗaya tare da shi. Shi kansa bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918, a garin Abercorn, wanda ake kira Mbala a Zambiya ta yau.

Guda uku ne aka sani sun tsira. Ɗaya tana harabar fadar gwamnati ta Union Buildings a Pretoria, ɗaya tana barikin soja na Jinja a Uganda, ta uku ita ce ta Mombasa. An kuma tsamo wasu daga cikin igwoyin Pegasus daga tashar Zanzibar, aka yi yaƙin tudu da su, kuma ɗaya daga cikinsu ce ke tsaye kusa da igwar Königsberg a ƙofar Fort Jesus.