3.4 Tsawon Bututun Bindiga da Tasirinsa a Yaƙe-yaƙen Ƙasar Gwandu

Kamar yadda bayani ya gabata, baka da kibiya da mashi da takobi su ne makaman da aka yi jihadin 1804 da su. Bindiga ba ta yawaita ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Babbar hanyar shigowarta ita ce ƙasar Nufe, wadda ke ƙarƙashin Gwandu, musamman a zamanin Etsu Masaba (1859-1873), wanda ya riƙa sayen ta daga Turawan da ke fatauci a kogin Kwara. Wannan sashe zai dubi dalilin tsawon wannan bindiga da abin da tsawon ya haifar a fagen fama.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda Hausawa ke kira harba-ka-ruga. Akasarinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera ta, kuma bututunta kan kai ƙafa 3 zuwa 4. Ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, a danna da sanda, sannan ƙanƙara ta ba da wuta. Hikimar tsawon ita ce, albarushin fatake ba mai kyau ba ne, ba ya ƙonewa nan take. Idan bututu ya gajarta, harsashi zai fita tun ƙonewar ba ta kammala ba, ƙarfinsa ya ragu. Sai dai tsawo bai ba ta saiti ba, domin cikin bututun sumul yake, babu tsagar da za ta murza harsashi ya tafi kai tsaye.

Bugu da ƙari, tsawon ya sa ta zama makamin dakaru. Mahayi ba ya iya riƙe linzami ya kuma ɗura ta a kan sirdi, alhali dawaki su ne ƙashin bayan rundunar Gwandu. Saboda haka, a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan tawayen Kabawa na 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, bindiga ba ta ture mashi da kibiya ba. Ta fi amfani a bayan ganuwa, inda mai harbi ke da abin jingina ta da kuma lokacin sake ɗuri.

A ɗaya ɓangaren, bindigogin Turawa ta baya ake ɗura su, kuma cikinsu a tsage yake. Samfurin Martini-Henry na dakaru bututunsa inci 33 ne, na mahaya kuwa kimanin inci 21, amma ko wannan gajeren ya fi harba-ka-ruga nisa da saiti da saurin ɗuri. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki irin waɗannan bindigogi, ta bar musu masu ƙanƙara. Sakamakon wannan giɓi ya bayyana a Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, inda Sakkwato ta faɗi cikin ɗan lokaci.

A taƙaice, tsawon bututu magani ne na raunin albarushi, ba alamar fifiko ba. Bayan zuwan Turawa, doguwar bindiga ta bar fagen yaƙi ta koma hannun maharba a garuruwa irin su Gwandu da Kalgo, waɗanda farautarsu ba ta buƙatar saurin ɗuri.