JIRGIN DA YA FAƊA AKURKIN KAJI, DA WANDA YA SHEKARA 29 A SAHARA

Duk lokacin da aka ce ƙaramin jirgin wani babban mutum ya faɗi a daji, muhawararmu a nan ba ta wuce abu biyu: inji ne ya lalace, ko kuwa da sa hannu? Haka aka yi a Oktoban 2012 da jirgin da Gwamna Danbaba Suntai na Taraba yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola. Ba a cika tambayar wa ya fara isa wurin ba, kuma bayan awa nawa. Alhali idan ka koma farkon zamanin jiragen masu zaman kansu, za ka ga sau da yawa ba faɗuwar ce ke kashe matuƙi ba. Inda ya faɗi ne.

Mu fara da Amurka, 1911. Wani mai gidan jaridu, William Hearst, ya sa dala 50,000 ga wanda ya fara ƙetare ƙasar ta sama cikin kwana 30. Wani saurayi Cal Rodgers, wanda bai fi wata uku da koyon tuƙi ba, ya ce zai iya. Kamfanin wani lemon kwalba, Vin Fiz, ya ɗauki nauyinsa, aka rubuta sunan lemon a jikin jirgin. Jirgin kuwa katako ne da ƙyalle da wayoyi, matuƙi yana zaune a fili iska na dukansa. Babu rediyo, babu filayen sauka. Layin dogo yake bi da ido, jirgin ƙasa na biye da shi ɗauke da kanikawa da kayan gyara.

Ya tashi daga New York ranar 17 ga Satumba. Washegari, a garin Middletown, ya bugi bishiya ya rikito cikin akurkin kaji. Daga nan abin ya zama jiki: kafin ya gama tafiyar ya faɗi fiye da sau goma sha biyar, a gonaki da makiyaya da shingaye. Ya isa Pasadena ta Kalifoniya ranar 5 ga Nuwamba, kwana 49, kuɗin gasa ya riga ya wuce shi, jirgin ma an canza kusan komai na jikinsa. Amma yana raye. Jirgin ba shi da gudu sosai, wannan gaskiya ne. Sai dai babban sirrin shi ne duk inda ya faɗi akwai mutane: manomi ya gani, yara sun sheƙo, an kira likita.

To yanzu mu dawo nahiyarmu. A ƙarshen Disamban 1935 marubucin nan na Faransa, Antoine de Saint-Exupéry, da makanikensa suka faɗi a hamadar Masar suna neman kafa tarihin gudu daga Paris zuwa Saigon. Ƙishirwa ta kusa gamawa da su, sai ga wani Balaraben ƙauye a kan raƙumi ya ba su ruwa. Duniya ta san sunan marubucin, mai raƙumin kuwa ko oho.

Wanda bai samu mai raƙumi ba shi ne Bill Lancaster, kuma labarinsa ne ya fi tsaya mini a rai. Baturen Ingila ne, tsohon matuƙin soja. A 1932 aka gurfanar da shi a Miami kan zargin kisan kai, kotu ta wanke shi, amma sunansa ya ɓaci, ba mai ba shi aiki. Sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage masa: ya karya tarihin da Amy Johnson ta kafa daga Ingila zuwa Cape Town, kwana huɗu da 'yan awanni. Ya samo ɗan jirgi mai inji ɗaya, Southern Cross Minor, ya tashi ranar 11 ga Afrilu 1933.

Tun a hanya ya makara. Ya sauka Reggane, kudancin Aljeriya, a gajiye, kusan bai runtsa ba tun fitowarsa. Jami'an wurin suka ba shi shawara ya kwanta ya huta, ya ƙi. Da almuru ya tashi ya nufi Gao ta ƙasar Mali ta yau, ta saman Tanezrouft, yankin da su kansu Buzaye suke shakka. Bai yi nisa ba injin ya mutu, jirgin ya kife a cikin duhu. Ya fito da raunuka a fuska, da ɗan ruwan da bai wuce galan biyu ba.

Mutumin nan ya yi duk abin da ake koya wa matuƙi. Bai bar jirgin ba. Da rana ya fake ƙarƙashin fiffike, ruwa yana sha da awo, da dare ya yagi ƙyallen jirgin ya jiƙa da fetur ya kunna ko wani zai hango. An neme shi kuwa, da motoci da jirage. Matsalar ita ce ya kauce wa hanyar motocin da ta ratsa Sahara da gomomin kilomita, masu nema kuma suka fi karkata can kudu, wajen Gao. Kwana takwas yana rubuta halin da yake ciki a littafin jirgi, yana wa mahaifiyarsa da masoyiyarsa Jessie Miller sallama. Rubutunsa na ƙarshe na ranar 20 ga Afrilu ne. Allah Sarki.

Kar wani ya ce ai wancan zamanin jahiliyyar fasaha ne. A Satumban 2006, da jirgin sojanmu ɗauke da manyan hafsoshi ya faɗi a kan tsauni a yankin Binuwai, ba na'ura ce ta fara kai wa waɗanda suka tsira ɗauki ba. Yaron ƙauye ne ya fara isa, da wayar ɗaya daga cikinsu aka kira agaji. Muna kashe kuɗi wajen sayen jirage, amma mutanen karkarar da jiragen ke bi ta kansu ba wanda ya taɓa gaya musu lambar da za su kira, wasu ma ko sabis babu a garinsu.

Shi Lancaster sai a Fabrairun 1962 wasu sojojin Faransa masu sintiri suka ci karo da shi. Zafi da rairayi sun busar da gawar, tana nan gefen jirgin, littafin kuma ya ɗaure shi a jikin fiffike don kar iska ta tafi da shi. Aka kai wa Jessie Miller, ta karanta saƙonta bayan shekara 29. Ragowar ƙarafan jirgin suna gidan tarihi na Queensland a Ostireliya.