Iyakar Takarda da Iyakar Gona: Gandun Termit da Gawon Magariya a Jihar Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu na kare muhalli a jihar Damagaram: gandun dajin da gwamnati ta shata a arewa, da itatuwan da manoma suka raya a gundumomin Magariya da Dungas. Hujjarta ita ce, kariyar da ba ta da mai ita a wurin takan ja da baya da zarar arzikin ƙarƙashin ƙasa ya bayyana.

Termit da man Agadem

A watan Maris na 2012 Nijar ta kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, wanda ya ratsa jihohin Damagaram, Diffa da Agadas. Sai dai mai ya riga gandun zuwa. Tun 2008 kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya samu izinin haƙa a Agadem, kuma a 2011 aka buɗe matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana.

Yankin gandun ne mafakar ƙarshe ta adas, farar dabbar Sahara mai murɗaɗɗun ƙahoni. Ƙidayar 2016 guda uku kacal ta gano, kuma ƙungiyar IUCN ta ɗora alhakin a kan hayaniyar aikin mai da farautar sojojin da ke gadinsa. A watan Yunin 2019 majalisar ministoci ta zare ɓangaren gabas inda ake aikin man, kusan rabin gandun, ta maye gurbinsa da wasu filaye a yamma. Lissafi ya daidaita a takarda. Amma dabba ciyawa take bi, ba taswira ba.

Abin da kudu ke nunawa

A Magariya da Dungas, inda jama'a suka yi cunkoso har gona ba ta samun hutu, babu gandu, babu mai gadi, amma itatuwa sun ƙaru tun bayan farin shekarun 1980. Manomi kan bar tohon gawo lokacin sassabe, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya datse saura. Gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa; da rani kuma 'ya'yansa abincin tumaki ne. Dokar gandun daji ta 2004 ta zo ne daga baya, ta ƙarfafa haƙƙin da manoma suka riga suka kama.

Kwatancin yana da iyaka, domin adas ba ta ba makiyayi taki ko harawa. Duk da haka, gawon Magariya yana da wanda zai kai ƙara gaban mai gari idan an sare shi. Tubawa da Buzayen Termit, waɗanda suka san kowace rijiya da burtali, ba su da irin wannan iko a kan iyakar gandun. A Yamai aka zana ta, a Yamai aka gusar da ita.