Haƙƙin nuna ƙwallon Turai: daga Landan zuwa gidajen kallo na Zamfara

Haƙƙin nuna wasa shi ne izinin da masu shirya gasa ke sayar wa kamfanin talabijin domin ya watsa wasanninsu a wani yanki na duniya, galibi na shekara uku ko huɗu. A kan wannan izini ne aka gina sana'ar gidajen kallon ƙwallo, tun daga manyan birane har zuwa Talata Mafara da Bakura da ƙauyuka irin su Tsibiri a Maradun.

Asalin kasuwar

An kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992, inda aka sayar da haƙƙin nuna ta a cikin gida kan fam miliyan 304 na shekara biyar, kamfanin BSkyB ya samu wasannin kai-tsaye. Daga baya kasuwar ƙetare ta bunƙasa, har a zangon 2022 zuwa 2025 kuɗin da gasar ta samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin Ingila a karon farko.

Masu riƙe da shi a Najeriya

Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya ƙaddamar da DStv a 1995, kuma tashoshinsa na SuperSport ne suka fi daɗewa suna nuna Firimiya a ƙasar nan. A 2007 kamfanin HiTV na Toyin Subair ya karɓe haƙƙin, amma ya rasa shi a 2010, bai jima ba ya durƙushe. StarTimes na China, wanda ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya sayi haƙƙin Bundesliga ta Jamus a 2015. A 2020 hukumar NBC ta yi wa ƙa'idojinta gyara domin hana kamfani ɗaya mallake wasanni shi kaɗai, matakin da ya jawo taƙaddama. A 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya kammala sayen MultiChoice.

Yadda kuɗin ke tafiya

Mai kallo yana biyan kuɗin shiga a bakin ƙofa. Daga ciki mai gidan kallo zai fitar da kuɗin wata na dikoda, da na man janareta, da haya. Shi kuwa kamfanin, da naira yake karɓa, amma da kuɗin waje yake sayen haƙƙin. A nan gizo ke saƙar. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da sakin naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni, sun ɗora nauyi a kan ɓangarorin biyu lokaci guda. MultiChoice ya yi ƙarin farashi sau da dama tun daga lokacin. A watan Maris na 2025 tsarin Premium ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, abin da ya kai ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta gurfanar da shi a kotu.

Halin da masu gidajen kallo ke ciki

Mai gidan kallo ba ya da ikon ƙara kuɗin shiga yadda ya ga dama, domin yawancin masu zuwa matasa ne masu ƙaramin ƙarfi. Cinikin ma na kaka ne: daga Agusta zuwa Mayu ake samu, musamman ranar da manyan ƙungiyoyi suka haɗu. Saboda haka wasu suka koma amfani da sola, wasu kuma suna kama tashoshin da aka sayar wa wani yanki dabam, ko su nuna ta intanet ba da izini ba, abin da dokar haƙƙin mallaka ta haramta. Duk mai son sanya jari a sana'ar, farashin dala da na fetur ne abin da zai fara dubawa, kafin yawan magoya bayan Arsenal ko Chelsea a unguwarsa.