Riƙo a Ƙasar Hausa

Tun kafin gidajen marayu su bayyana a biranen Arewa, riƙo ne ke kai yaro wani gida. Yawanci daga yaye ake farawa. Yaro ya kusa shekara biyu, sai kaka ko goggo ta zo ta goya shi ta tafi. Daren farko kuka ne har asuba, ita kuwa tana jijjiga shi, tana ɗura masa kunu, ga rubutun malam a ƙoƙo. Kafin mako ya zagayo ya fara sabawa. Ɗan fari ne aka fi bayarwa, saboda kunyar da ke hana uwa ko kiran sunansa.

Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta yi riƙon yara har suka girma.

Musulunci ya gindaya iyaka: ɗan riƙo da sunan mahaifinsa ake kiransa, kuma ba ya gadon mai riƙonsa, sai dai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Mariƙiya ta gari takan kai shi ganin iyayensa da Sallah, ba ta ɓoye masa asalinsa.