Abubakar Imam: Ɗan Jaridar da Littattafansa Suka Rufe

Mai karatu, in aka ambaci Abubakar Imam, na san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce za su fara faɗo maka a rai. To amma marigayi kakana, mutumin Ƙaura Namoda, har ya koma ga Allah "Malam Edita" yake ce masa.

Ga dalili. Dogo ya iso Ƙaura a 1929, ita ce kuma ƙarshen layi. Bayan shekara 10, a Janairun 1939, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Kaka ya ce jirgin da ke kwasar gyaɗa shi ke sauke musu jaridar, fatake su wuce da ita Shinkafi da Zurmi. Mutum guda zai karanta a bakin kasuwa, sauran su kasa kunne. Ta nan suka riƙa jin labarin Yaƙin Hitila cikin harshensu.

Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya yi kimanin shekara 12 kan wannan kujera. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Azikiwe, tafiyar da ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a 1981.

Littattafan nan har gobe ana sayar da su. Jaridun fa? Waɗanda kaka ya adana a adaka, gara ta cinye. In akwai irinsu a gidanku, don Allah a ceto su. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.